Haibrid ko mai caji: yadda wani gida a Agege ya zaɓi motar iyali

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, hirar mota ta canja a majalisun Hausawan Legas. Da can ana tambayar ƙarfin inji da kyan jiki, yanzu kuwa tambayar farko ita ce nawa take sha. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 480 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu a gidajen man NNPC. Matatar Dangote da ke Lekki ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, farashi ya ɗan lafa a 2025 yana yawo wajen naira 900, amma bai koma gidan jiya ba. A cikin wannan hali ne wani Alhaji da nake yi wa aikin lantarki ya yanke shawarar rabuwa da tsohuwar motarsa, aka shiga muhawarar da ta ci watanni a gidansa.

Alhaji Bakano ne, dillalin kayan gwari a kasuwar Mile 12, yana kuma kai wa wasu otal-otal da gidajen abinci kaya a Victoria Island. Manyan motoci ne ke ɗaukar kayan, shi nasa zirga-zirgar karɓar kuɗi ce da ganawa da abokan ciniki. Yana haya a Agege da matarsa da 'ya'ya uku. Ranar da kasuwa kawai ya je, tafiyar ba ta wuce kilomita 30 zuwa da dawowa. Ranar da ya haye gadar Third Mainland kuwa, wadda ita kaɗai ta kusa kilomita 12, yakan yi 65 zuwa 70. Da muka haɗa har da kai yara makaranta da ziyarar ƙarshen mako, abin ya tsaya wajen kilomita 1,300 a wata. Sau ɗaya ko biyu a shekara kuma ana lodin iyali a nufi Kano, tafiyar kusan kilomita dubu.

Motarsa Highlander ce ta 2010 mai silinda shida. Mota ce mai haƙuri, ba ta taɓa ajiye shi a hanya ba, sai dai a gosulon Ojota da Ketu, da esi a kunne, tana shan lita 15 a kowane kilomita 100, wani lokaci fiye.

Cewa za a koma haibrid, wato mota mai haɗa injin fetur da na lantarki, wannan ba a yi gardama a kai ba. Ƙanin Alhaji, wanda ke aikin kwamfuta a Yaba, shi ya shigo da zancen da ya raba kan gidan. Ya ce tunda za a kashe kuɗi, a kashe su gaba ɗaya a sayi mai caji, wadda ake jona wa wutar gida, wato RAV4 Prime, maimakon RAV4 Hybrid ɗin da dila ya nuna musu a kasuwar motoci ta Berger. Hujjarsa gajeriya ce, kuma tana da daɗin ji: "Yaya, kilomita 68 take yi ba ta taɓa mai ba. Kai kuwa yawancin ranaku ba ka kai haka. Ka manta da gidan mai kawai."

Abin da ya raba motocin biyu

Jiki ɗaya ne, inji ɗaya ne mai lita 2.5, kujeru biyar. Haibrid zalla tana da ƙaramin batir a ƙarƙashin kujerar baya, wanda bai kai yunit 2 ba, irin yunit ɗin da muke saye a mitar kati. Ba a jona ta da wutar gida. Injin fetur ne ke cika batirin, sannan duk sanda direba ya taka birki ko ya ɗaga ƙafa daga totur, injin lantarkin da ke tura ƙafafun sai ya koma janareta, ya tara ƙarfin da da zai tafi a zafin birki. Idan aka tsaya cak, injin fetur ya mutu, esi kuwa ya ci gaba da sanyi domin kwamfuresarsa ta lantarki ce. Batir ya yi ƙasa, inji ya tashi na ɗan lokaci ya cika shi, ya sake yin shiru. Shi ya sa gosulo, wanda ke cinye man kowace mota, nan ne haibrid ta fi nuna kanta. Toyota ta fara sayar da wannan tsari a Prius tun 1997 a Japan, ba sabon gwaji ba ne.

Ita mai caji duk tana da wannan, sai aka ƙara mata babban batir mai yunit 18.1 a shimfiɗe ƙarƙashin motar, da ƙofar jona waya a gefe. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta auna mata mil 42 a kan wuta zalla, daga nan ne kilomita 68 na ƙanin Alhaji suka fito. Idan cajin ya ƙare ba ta tsayawa, sai ta koma haibrid kamar 'yar'uwarta. Ƙarfinta doki 302 ne, na waccan 219. Nauyinta ya ɗara da fiye da kilo 200. A ma'aunin EPA haibrid zalla tana shan kusan lita 5.9 a kilomita 100, mai caji kuma idan batirinta ya sauka tana shan kusan 6.2.

Lokacin da ta fito a Amurka a matsayin motar 2021, farashinta ya fara daga dala 38,100, kusan dala dubu 10 sama da mafi arhar RAV4 Hybrid. Amma Ba'amurken da ya saya a lokacin yana iya samun rangwamen haraji har dala 7,500 daga gwamnatinsa. Mai sayen tokumbo a Legas ba wanda zai mayar masa da ko kwabo, kuma kuɗin kwastan a tashar jirgin ruwa ta Tin Can yana bin darajar mota ne.

Abin da na tarar a gidan

Alhaji ya kira ni ne in duba ko za a iya sa wurin caji. Ya ce, "Injiniya, kai ka san wayoyin gidan nan, zo ka faɗa mana gaskiya kafin yaron nan ya sa ni sayen abin da zan zo ina kallo."

Gidan bene ne mai fulat huɗu, Alhaji yana sama ta baya. Tsakar gidan tana ɗaukar mota uku, masu haya kuwa suna da biyar. Wanda ya riga dawowa shi ke samun wuri, sauran su kwana a bakin get maigadi yana dubawa. Alhaji ba ya shigowa sai bayan sallar isha'i, saboda haka motarsa ta fi kwana a waje. Tun daga nan zancen ya fara tsami, domin ba a jan wayar caji a tsallaka kwata zuwa titi a bar ta har asuba.

Mitocin suna jere a ƙarƙashin matakala. Daga na Alhaji zuwa inda mota ke tsayawa, idan ta samu shiga, akwai tazarar fiye da mita 20. Na buɗe akwatin rarraba wutar fulat ɗinsa, na bi koriyar wayar ƙasa da ya kamata ta sauka zuwa sandar tagulla a cikin ƙasa. Ta bi bango ta sauka, sai ta ƙare a iska a bayan tankin ruwa, bakinta ya yi tsatsa, ba a haɗa ta da komai ba. Firij da talabijin ba ruwansu, sun yi shekaru a haka. Cajar mota kuwa tana bincikar wannan waya kafin ta saki wuta, galibinsu idan ba su same ta ba sai su kunna jar fitila su ƙi aiki. Da magariba na sa mita a soket, wutar da ya kamata ta zama bolt 230 tana rawa wajen 180, saboda kowa a layin ya dawo ya kunna kayansa.

Duk waɗannan ana iya gyara su da kuɗi: a kafa sanda, a ja waya mai kauri daga mita a cikin bututu, a sa mata bireka nata. Sai dai bango na mai gida ne, kuma da aka tuntuɓi ejan sai ya ce zai yi magana da shi, maganar da har yau ba ta dawo ba. Haya ce ta shekara-shekara. Ko an yarda, aikin da Alhaji zai biya zai zauna a gidan wani ranar da ya tashi.

Akwai kuma abin da dilan bai ambata ba. Wayar cajin da ke zuwa a but ɗin motar Amurka an yi ta ne don wutarsu ta bolt 120, bakinta ma ba ya shiga soket ɗinmu mai ƙafa uku irin na Ingila. Dole a sayi wata mai karɓar 230, wadda kanta na ɓangaren mota ya dace da ƙofar motocin Amurka, domin na Turai daban ne. Irin wadda ake sokawa a soket na gida tana jan kusan kilowat 2.3. Cika batirin daga ƙasa yana cin wajen yunit 15, wato awa 6 da rabi zuwa 7 ana jan wuta ba tsayawa. Soket ɗin da aka sa don fanka da cajin waya, da siririyar waya a bayansa, idan ya ɗauki wannan nauyi kullum dare sai ya narke. Na sha cire irinsu a ɗakunan girki inda aka jona hita, baƙi ƙirin.

Lissafin

Mu ajiye matsalar gida, mu ɗauka komai ya daidaita. A ma'aunin EPA ɗin dai, mai caji tana cin kusan yunit 22 daga bango a kowane kilomita 100. A kilomita 1,300 na Alhaji, yunit 286 ke nan a wata, in har kowace tafiya a kan wuta aka yi ta. To nawa ne yunit?

Amsar ta danganta da layin da mutum yake. A ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225. Daga baya ya sauko, ya tsaya a 209.5 a watan Yulin shekarar. Sauran rukunan an bar su a tsohon farashi, amma alkawarinsu awa 16 ne ga B, 12 ga C, 8 ga D, 4 ga E.

A farashin Band A, yunit 286 sun kama kusan naira dubu 60, idan aka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 su doshi dubu 65. Haibrid zalla a lita 6 za ta sha lita 78 a wata, a naira 900 kuɗin ya kama dubu 70 da 'yan kai. Tsohuwar Highlander kuwa tana shan lita 195, wato naira 175,500. Duk alƙaluman sababbin motocin na takarda ne, zafin Legas da esi za su ɗaga su duka biyun, amma tazarar da ke tsakaninsu ba za ta canja sosai ba.

Nan ne gaɓar lamarin. Tashi daga tsohuwar mota zuwa haibrid yana rage wa Alhaji fiye da naira dubu 100 a wata. Ƙarawa daga haibrid zuwa mai caji, a wutar Band A, ko an yi mata kara ba ya rage fiye da dubu 10. A ce bambancin farashin motocin biyu naira miliyan 6 ne bayan an fito da su daga tashar jirgi. Wata 600 ke nan kafin kuɗin su dawo, shekara 50. Ko fetur ya tashi zuwa 1,200 wuta ta tsaya inda take, ana maganar shekara 15 ne, kuma motar da aka sayo da shekara huɗu a kanta ba ta da wannan sauran kwanan.

Ƙanin ya ce ai layin Yaya ba Band A ba ne, C ne, kuma gaskiya ya faɗa. A naira 70, wutar wata za ta kama wajen dubu 20, ragin ya zama dubu 50, kuɗin su dawo cikin shekara 10. Wannan ya fi kyan gani. Amma awa 12 ɗin C a takarda suke, kuma ba wanda ya ce da dare za su zo, a jere, daidai lokacin da mota ke cikin gida. A layin su Alhaji an fi kawo wuta da hantsi, sanda yake Mile 12. Ga shi kuma ana ta mayar da layuka zuwa Band A, ranar da aka mayar da nasu lissafin ya koma na farko. Inda wuta ke da arha ba ta zama, inda take zama kuma ba ta da arha, mai caji kuwa tana buƙatar duka biyun kafin ta biya kanta.

Sai aka zo kan janareta, domin a Legas duk zancen wuta nan yake ƙarewa. Ƙaramin janareta na fetur irin na gida ba ya ba da yunit 2 cikakku daga lita ɗaya. Yunit 22 za su ci fiye da lita 11. Wato a ƙona lita 11 a bayan gida, da ƙara da hayaƙi, don a yi tafiyar da injin motar da kansa zai yi da lita 6. An gudu ba a tsira ba. Kuma janaretan Alhaji, idan ya ɗauki cajar, babu sauran ƙarfin da zai riƙe firij da fankokin yara.

Sola ma mun duba. Alhaji yana da inbata da batir na fitilu da fanka, amma abin da mota ke so a dare ɗaya ya ninka abin da batirin gidan ke ɗauka. A Legas, fanel na kilowat ɗaya yana ba da wajen yunit 4 a rana mai kyau, ƙasa da haka a damina. Tafiyar kilomita 50 tana son yunit 11, wato ƙarin fanel na kusan kilowat 3, a kan rufin da ba nasa ba. Tunda kuma rana tana fitowa ne sanda motar ba ta gida, sai an sayi wani batirin da zai ajiye wutar har dare, a juye daga batir zuwa batir. Kuɗin wannan kaɗai ya sayi fetur na shekaru.

Wannan matsala ba ta Najeriya ce kaɗai ba. A Maris na 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto daga na'urorin auna mai da ke cikin motocin da aka yi wa rajista a 2021, ta gano cewa hayaƙin da masu caji ke fitarwa a kan titi ya ninka na gwaji kusan sau uku da rabi. Babban dalilin shi ne masu su ba sa cajin su yadda aka zata. Mutanen da wuta ba ta yanke musu ke nan.

Inda ƙanin ya yi gaskiya

Ba zan rage masa ba, yana da maki. Ranar da layin mai ya dawo, kamar yadda aka sha gani a Legas, mai cikakken batir yana wucewa ta gaban gidan mai ko waiwaye babu. Motar tana da ƙarfi sosai, kuma shirun da take yi a kan wuta abin so ne. Sannan ko ba a taɓa cajin ta ba, ba ta zama matacciya, haibrid ce mai kyau da ta ɗan fi shan mai. Asarar ita ce kuɗin da aka biya na batirin da ake ta yawo da shi ba ya aiki.

Ya kuma kawo zancen cewa motar za ta iya ba gida wuta idan an ɗauke. Wasu daga cikin masu tsadar suna da soket na wat 1,500 a but, gaskiya ne, amma a motar Amurka bolt 120 yake fitarwa, kayan gidanmu kuwa 230 suke so. Kuma fulat ɗin yana sama ta baya.

Akwai wanda na san mai caji ta dace da shi, na yi masa aiki a wajen Ikorodu: gidansa ne na kansa, rufinsa cike da fanel, batiran gidan suna cika tun kafin azahar, sauran wutar rana tana tafiya a banza. Matarsa ce ke jan motar, ta kai yara da safe ta dawo, motar ta wuni a inuwa kusa da inbata. A wannan gida wutar mota kusan kyauta ce. Mota iri ɗaya, gida daban.

Gyara, ruwa da tokumbo

Kayan ƙafa, birki, fitilu da bodi na RAV4 ba sa wuya a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo, na haibrid ko na mai caji. Inda suka rabu shi ne batir da na'urar caji. Ƙaramin batirin haibrid ana samun na tokumbo, kuma akwai masu gyaran da suka saba da shi tun zamanin Prius da Camry. Babban batirin Prime kuwa sai an yi odarsa, kaya ne mai nauyi da tsada, masu taɓa shi kaɗan ne. Garantin shekara 10 ko mil 150,000 da Toyota ke ba batirin haibrid a Amurka tun motocin 2020, na kasuwar can ne, kada mai sayen tokumbo ya sa shi a lissafi.

Game da ambaliya, wanda ya ga yadda ruwan farkon Yulin 2024 ya shanye hanyar Iyana Oworo ya san dole a yi tambayar. Batirin mai caji a rufe yake ruf, ba ya shan ruwa don an ratsa kududdufi, abin tsoronsa shi ne duka daga ƙasa, bakin kwalbati ko dutse a ramin hanya. Na haibrid yana cikin ɗaki, amma iska yake shaƙa ta wata 'yar taga a gindin kujerar baya, idan ruwa ya shigo har ya rufe kafet to yana cikin haɗari. Ko wacce ce, ruwan da ya kai ƙofa a juya.

Ruwan da ya fi ban tsoro ma ba na Legas ba ne, na Amurka ne. Bayan guguwa irin Ian da ta afka wa Florida a Satumban 2022, motocin da suka nutse suna shiga gwanjo, wasu su biyo jirgi zuwa Afirka ta Yamma an wanke su tas. Motar fetur da ta sha ruwan gishiri matsala ce, mai batir kuwa ta fi. Na ba Alhaji shawara kada ya biya ko sisi sai an binciki tarihin lambar VIN, wato lambar shaidar motar, an ɗaga kafet an shinshina, an leƙa ƙarafan da kujeru ke gudu a kai ko akwai tsatsa, an kuma sa kwamfuta an ga ƙarfin kowane sashe na batirin, domin idan ɗaya ya yi ƙasa da 'yan'uwansa nan ciwon zai fara.

Wadda ta yanke hukunci

Duk wannan muhawara Hajiya tana ji ba ta sa baki ba, sai ranar da aka kawo RAV4 ɗin gida don gwaji. Ta leƙa baya, ta ƙirga kujeru, ta ce, "Alhaji, mu biyar ne cif. Idan Inna ta zo ganin likita a ina za ta zauna? Ranar tafiya Kano kuma, kayan sallah a kan wa za a ɗora?" Tsohuwar Highlander tana da layi uku na kujeru, kuma ba wanda ya tuna da hakan a cikin masu lissafin yunit da lita, har da ƙanin.

Masu caji masu layi uku akwai su. Mitsubishi Outlander PHEV ta 2023 tana da kujeru bakwai da batir mai yunit 20, sai dai layin bayan na ƙananan yara ne, kuma kayan gyaranta ba su kai na Toyota yawa a kasuwa ba. Da yake lissafin wuta ya riga ya kashe zancen caji, ba a tsaya a kanta ba. Aka koma kan Highlander Hybrid, ƙirar da ta fara daga 2020: inji mai silinda huɗu da lita 2.5, doki 243, kusan lita 6.5 zuwa 6.7 a kilomita 100 a ma'aunin EPA, tanki mai lita 65. Ita Alhaji ya saya, ta 2021, bayan an mayar da guda ɗaya da tarihinta ya nuna ta taɓa shiga ruwa.

A 'yan watannin farko, allon motar yana nuna tsakanin lita 7 da 8 a zirga-zirgar gari, kusan rabin abin da tsohuwar ke sha. A babbar hanya ribar tana raguwa, domin daga Ibadan zuwa gaba ba birki ake yawan takawa ba, inji ne ke aiki. Abin da Alhaji bai so ba shi ne kukan injin idan ya taka sosai zai wuce tirela, ya saba da silinda shida da ba ta ɗaga murya. Ya ce ya haƙura da wannan.

Na rubuta masa abubuwa kaɗan ya ajiye a motar saboda masu gyara. Baƙin mai 0W-16 littafinta ya ce, ba mai kaurin da aka saba zuba wa tsohuwar ba. Matatar iskar batir tana son tsaftacewa, musamman bayan an dawo daga Arewa da ƙurar hunturu, kuma kada yara su toshe tagar da jaka ko filo. Wayoyi masu ruwan lemo ba na rewayan bakin titi ba ne, wutar cikinsu tana kisa. Wanda ya fi saurin faruwa kuma shi ne na esi: kwamfuresar lantarki tana da man ta na musamman, ND-11, wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Mai cika gas da ya zuba mata man esi na sauran motoci, ko ya yi aiki da tiyon da ya jiƙe da shi, zai iya jawo gyaran da ya fi kuɗin man wata shida.

Alhaji yana da fili a wajen Mowe, kan hanyar Ibadan, ginin ya kai linta. Da muka je duba aikin wayoyi na sa an binne bututu daga inda akwatin wuta zai zauna zuwa rumfar mota, mai faɗin da zai ɗauki waya mai kaurin milimita 6 da bireka na amfiya 32, an kuma kafa sandar ƙasa ta gaske tun kafin a zuba kankare. Rufin ma an karkata shi yadda zai ɗauki fanel. Kuɗin bututun bai kai na cika tanki ɗaya ba yanzu, bayan an yi filasta da tayil kuwa sai an fasa. Ƙanin ya ce idan an tare zai dawo da maganarsa, Alhaji ya ce ya bari a ga farashin wuta da na mai a lokacin.